Ɗumin Jikin Mai Lema

Mai Lema ya daɗe yana gyaran lema a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tasha, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Sana'a ce mai barin mutum da lokaci, domin ba kullum ake ruwa ba, kuma ba kowace lema ke karyewa ba. A wannan zaman ya koyi kallon abubuwa. Yakan ɓata yini yana bin tururuwa da ido tana jan fiffiken ƙwaro, ko yana tunanin inda ƙarar ƙararrawa take zuwa bayan ta bar kunne. Matarsa, wadda 'ya'yansu da na maƙwabta ke kira Inna, takan ce da tunani yana cika tukunya da ba gidan da zai kai nasu ƙiba.

Innar ce yanzu take kwance a asibiti, a gadon da ke jikin taga a ɗakin mata. Ciwon ya fara da zafin fitsari, ta ɓoye masa saboda kunya duk da tsufan da suka yi tare. Aka sayo magani a kemis ta sha, ya lafa, ya dawo. Aka kai ta asibiti aka canza mata wani, shi ma kamar an zuba ruwa a kwando. Yanzu ciwon ya hau har ƙoda. Jikinta ya ɗauki zafi kamar murfin tukunya, ga rawar ɗari, wani lokaci ma ta dube shi ta tambaye shi ko ya ga mijinta.

Likitan da ke duba ta, wani dogo mai magana a hankali, ya ja shi baranda ya yi masa bayani. Ƙwayoyin cutar da ke jikinta sun daina jin maganin da aka saba ba su. Akwai sauran magunguna, amma ba a san wanda zai ci su ba, kuma wasu suna da nauyi ga ƙodar da ta riga ta gaji, ba a ba da su da ka. Hanyar da aka gada ita ce a shuka fitsarin a faranti a ɗakin gwaji, a jira ƙwayoyin su tsiro, sannan a gwada musu magunguna. An riga an shuka. Sai dai abin yana cin kwanaki. Likita bai ce Inna ba ta da kwanakin ba, amma da ya zo wurin sai ya dubi takalminsa.

'Yarsu ta ƙarshe, Auta, a bayan wannan asibitin take aiki, a wani ɗakin bincike mai sanyi da warin sabulu. Ita da abokan aikinta sun shekara da shekaru suna neman hanyar da za a san amsar nan a yini guda. Idan aka tambayi Mai Lema aikin 'yarsa yakan ce kiwon cututtuka take yi. Sau ɗaya ta taɓa barinsa ya leƙa ta madubin da suke ganin ƙwayoyin da shi. Ya gan su 'yan sanduna-sanduna suna rawa a cikin ɗigon ruwa, ba ido ba baki, ya koma gida yana jin tausayinsu, har Inna ta ce saura ya raɗa musu suna ya yanka rago.

Da hantsi Auta ta shigo da wani kati da bai kai tafin hannu ba, a liƙe cikin leda mai kauri. Ta zauna a bakin gadon ta nuna masa. Katin yana da 'yan ɗakuna biyar a jere, kowanne da taga, kowanne cike da jan ruwa. An ɗiga fitsarin Inna a cikinsu duka an rufe. Ɗaki na farko babu magani a ciki, sauran huɗun kowanne da nasa maganin. Duk ɗakin da ƙwayoyin suka samu suka ci suka hayayyafa, jan zai juye rawaya. Na farkon dole ya juye, shi ne shaidar cewa suna raye. A cikin sauran, wanda ya tsaya a jansa, maganin da ke cikinsa shi ne ya fi ƙarfinsu, shi za a ba Inna.

Abu ɗaya ƙwayoyin ke buƙata, ɗumi irin na jikin mutum. Manyan ɗakunan gwaji suna da akwatin ɗumi mai aiki da lantarki. Amma su Auta suna yin katin ne saboda ƙananan asibitoci, inda wuta take zuwa kamar baƙuwa, ta gaisa ta tafi. Shi ya sa suka ɗinka 'yar jaka mai igiya da ake ɗaurawa a ƙirji, a ƙarƙashin riga, katin ya kwanta a jikin fata. A matakin da suke yanzu masu jinya suke roƙa su ɗaura, tunda a can ma su ne za su ɗaura. An ba likita izinin ya dubi abin da katin ya nuna ya haɗa da abin da yake gani a jikin mara lafiya, farantin kuma ya biyo baya ya tabbatar.

Mai Lema bai bari ta ƙarasa roƙon ba ya fara ɓalle maɓallan rigarsa. Ta ɗaura masa, ta ja igiyar, ta gwada da yatsa ko ta matse shi.

"Baba, kada ka cire shi. Ko alwala za ka yi, bar shi a jikinka. Zan dawo da azahar."

Inna ta buɗe ido a daidai lokacin, hankalinta ya dawo kamar yadda yake dawowa jifa-jifa. Ta dubi ƙirjinsa, duk furfura da ƙasusuwa, ta ce ashe da rabon ta ga ranar da zai yi kwanci kamar kaza. Ya ce idan ya ƙyanƙyashe ba zai ba ta ɗan tsako ko ɗaya ba. Ta ce dama wa zai so tsakon tsohon zakara. Matar da ke gado na kusa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Inna ta mai da ido ta rufe.

Ya zauna a kujerar roba ya rungume hannuwansa a ƙirji. Da farko abin daɗi ya yi masa. Tun da aka kwantar da Inna ba abin da yake yi sai miƙa kofi da matsawa idan nas ta zo wucewa. Yau ga shi an ba shi aiki. Ya riƙa tunanin 'yan sandunan nan a cikin ɗakunansu, kamar 'yan haya a gida ɗaya, ba su san akwai wani abu wai shi asibiti ba, ba su san Inna ba, ba su ma san suna cutar da kowa ba. Abin da suka sani kawai duniyarsu ta yi ɗumi. Shi ne ranarsu. Wannan tunanin ya ba shi dariya shi kaɗai, har nas ta waigo.

Ba a hana shi leƙawa ba. Ya ja wuyan rigarsa ya duba ta ledar da ke gaban jakar. Ɗaki na farko ya fara juyawa, kamar mangwaro mai shirin nuna. Wannan an gaya masa, bai damu ba. Ya jiƙa tawul ya shafa wa Inna goshi, ya kori ƙuda, ya sake leƙawa. Na biyu ya juye. Ya tuna maganin da aka sayo a kemis, ya ce a ransa wataƙila shi ne, dama an san ba ya yi. Da rana ta kusa kaiwa tsaka na uku ya bi sahu. Bai daɗe ba gefen na huɗu ya soma yin haske.

Nan zaman ya gagare shi. Ya tashi ya fita baranda, ya dawo, ya sake fita. Saura ɗaki ɗaya, na can ƙarshe, ja wur kamar yadda aka kawo shi. Idan shi ma ya juye, to me ya rage? Ya ji bugun zuciyarsa yana dukan katin, ya ji zufa tana bin igiyar. Sai ya ga ashe shi ne ke hura musu wuta. Da zafin jikinsa suka ci ɗakuna huɗu, da zafin jikinsa za su ci na biyar. Mutum ya yi shekaru yana kare mace daga ruwa da rana, ƙarshe ya zo ya ɗauki masu cinta ya kwantar a ƙirji yana reno.

Wani sashe na kansa ya san katin labari kawai yake bayarwa, ba shi ke yin ciwon ba. Auta ta faɗa masa, ya kuma gane. Amma tsoro ba ya zuwa makaranta. A ƙarƙashin gadon akwai jakar da ya zo da ita da safe, a ciki akwai gorar ruwa da ya sa a firjin maƙwabta ta kwana, har yanzu da sauran ƙanƙara a gindinta. Ya dubi nas, ta ba shi baya tana gyara ƙarin ruwan wata. Ya zura hannu ta wuyan riga ya zaro katin, ya manna shi a jikin gorar, ya naɗe su da tawul ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce a ransa ɗan lokaci kaɗan ne, rana ta faɗi musu su yi barci, kafin nan Auta ta zo ta ga jan da idonta.

Da ya jiyo muryarta a baranda tare da likita, ya yi maza ya mai da katin cikin jakar ƙirjinsa, sanyin ya ratsa shi har baya. Ta gaishe shi, ta taɓa goshin Inna, ta ce ya kawo. Ta karɓa, ta ga jan ɗaki na ƙarshe, fuskarta ta fara washewa. Sai kuma ta tsaya. Ta juya katin, ta ɗora bayansa a kumatunta. Raɓa ce a jikin ledar. Likita ya miƙa hannu shi ma ya taɓa, ya ce zai duba wani mara lafiya ya dawo.

Ta fitar da shi baranda, can ƙarshe inda ake ajiye kekunan marasa lafiya.

"Baba, me ya sa katin nan ya yi sanyi?"

Ya dubi bango. Ya fara cewa wataƙila jikinsa ne, tsufa, jini ya yi ƙasa. Ta ci gaba da kallonsa. Ita ce 'yar da tun tana ƙarama ba a iya yi mata ƙarya, ba ta musu, kallo kawai take yi har mutum ya gaji.

"Saura ɗaya ne, Auta," ya ce. "Na ga suna ta ci, kuma ni ne nake ba su ƙarfi. Na ce bari in ɗan tsayar da su."

Ta zauna a ɗaya daga cikin kekunan. Ta gaya masa, da muryar da ba ta taɓa yi masa magana da ita ba, cewa yanzu wannan jan ba shi da amfani. Ba ta san ko maganin ne ya hana su ba ko sanyin. Maganin da ke ɗakin nan na ƙarshe shi ne mafi nauyi, likita ba zai sa shi a jijiyar Inna a kan amsar da ba a tabbatar ba. Dole a fara daga farko, da sabon fitsari, kuma Inna tun safe da ƙyar take yi. Rabin yini ya tafi. Ta faɗi haka sau biyu, rabin yini, sannan ta rufe fuska da mayafinta.

Ya tsaya a gabanta hannuwansa a sake. Garin neman gira ya kusa rasa ido, ya sani, ba sai an faɗa masa ba. Ya so ya dafa kanta kamar da, ya ji ba shi da izini. Can ta share fuska ta ce ita da abokan aikinta sun yi tunanin zufa, sun yi tunanin igiya ta tsinke, sun yi tunanin mutum ya manta ya shiga wanka da shi, amma ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa. Ta yi wata gajeriyar dariya mai haɗe da kuka, ta tashi ta tafi haɗa sabon kati.

Aka ƙara wa Inna ruwa ta jijiya, nas ta ce a riƙa ba ta ta baki ma ko kaɗan-kaɗan. Mai Lema ya ɗauki cokali. Ta kau da kai. Ya fara ba ta labarin wani mutum da ya taɓa kawo masa lemar da ba ta da yadi ko kaɗan, ƙarafa kawai, ya ce a gyara masa maɓallin buɗewa domin shi kaɗai ne ya lalace. Ta ce ƙarya yake yi, ta buɗe baki za ta ƙara magana ya zuba mata cokali. Da haka da haka, labari ɗaya cokali ɗaya, wani na gaskiya wani ya ƙaga a nan take, har kofi ya yi rabi. Kafin la'asar nas ta ja labule, ta fito da ɗan abin da ake buƙata a cikin kwalba.

Auta ta dawo da sabon katin da jakar a hannu, ta ce wannan karon ita za ta ɗaura. Ya gyaɗa kai, ya matsar da kujerarsa baya. Inna, da kowa ya ɗauka barci take yi, ta yi magana idonta a rufe. Ashe ta tsinci abin da ya faru daga bakin matar gado na kusa, wadda ta ga komai kuma ba ta iya riƙe magana.

"Ba shi abinsa."

"Inna, ba ki san abin da ya yi ba."

"Na san shi tun ba a haife ki ba. Idan kika hana shi, da abin zai shiga kabari. Ba shi, ni zan tsare shi."

Auta ta dubi mahaifinta. Sannan ta ɗauko filasta a kan teburin nas, ta yanka, ta rufe tagogin katin duka biyar. Ta ɗaura masa ba tare da ta dube shi ba, ta ɓalla masa maɓallan da kanta har na wuya. Inna ta miƙo hannu ta ce ya kawo nasa, na daman, wanda ya yi ɓarnar. Ta riƙe shi a kan bargo. Na hagun kuma ta ce ya zauna a kai.

Wannan jiran ya fi na farko tsawo. Ba abin kallo, sai inuwar ƙarafan taga tana hawa bango a hankali. Ya yi sallah a zaune a inda yake. Ya yi ƙoƙarin kada ya tuna 'yan hayar da ke ƙirjinsa, ya kasa, sai ya bar su. Ya ce musu a zuci su ci iya cinsu, su nuna duk abin da suka iya, kada su ɓoye komai. Zazzaɓin Inna ya ƙara hawa da yamma. Ta daina amsa masa, numfashinta ya koma gajere, yatsunta suka saki nasa ɗaya bayan ɗaya. Ba mai tsaronsa kuma. Ya juya hannunsa ya riƙe nata, ya ci gaba da zama a kan na hagun har ya daina jin sa.

An kunna fitilun ɗakin lokacin da Auta da likita suka shigo. Ta kwance jakar, ta fara taɓa katin da bayan hannu kafin komai. Da ɗuminsa. Ta ɓare filastar a ƙarƙashin fitila, likita ya sunkuyo. Mai Lema bai duba ba, fuskar 'yarsa yake kallo.

"Huɗu rawaya," ta ce. "Na ƙarshen ja ne, Baba. Ja ne da kansa."

Likita ya riga ya juya yana gaya wa nas abin da za ta kawo da yadda za a rage shi saboda ƙodar. Ya ce wa Mai Lema ba zai yi masa alkawari ba, an yi latti fiye da yadda ya so, amma yanzu sun san da wa suke faɗa. Aka rataya wata 'yar kwalba kusa da babbar, ruwan ya fara sauka ɗigo-ɗigo. Auta ta tsuguna ta ɗago hannun hagun mahaifinta, hannun da ya sandare saboda zama a kansa, ta riƙa murza masa yatsu har jini ya dawo yana tsattsaga kamar allurai. Ba wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri.

Washegari zazzaɓin bai sauka ba, amma bai hau ba. Da aka sake kwana, amsar farantin ta fito, ta faɗi abin da katin ya faɗa. A safiyar nan Mai Lema yana zaune a bakin gado yana gyangyaɗi, ya ji zanen gadon ya jiƙe sharkaf. Ya firgita ya taɓa goshin Inna, ya ji shi da sanyi da danshi. Nas ta zo ta gwada ta, ta dubi abin awon, ta girgiza shi ta sake gwadawa, sannan ta ce zufar alheri ce, ta tafi kiran likita.

Inna ta buɗe ido ta dubi silin, ta dubi taga, ta yi yunƙurin juyawa ta kasa.

"Malam," ta ce, muryar a dushe, "tashi, ka zauna mini a kan zane."